Kunnen da Inji Ya Ci

Tun da hantsi Malam Shitu yake jan igiyar injin yankan itacen nan, injin ko tari bai yi ba. Ya taka mariƙin da ƙafar dama, ya sunkuya, ya fizga. Igiya ta koma. Ya sake fizga. Gumi ya jiƙa bayan rigarsa har ya gangaro ƙugu. Kajin gidan da suka saba watsewa da zarar ya fito da injin, yau kiwonsu suke yi a gefen ƙafarsa.

Gidan babba ne, a wani ƙauye da ke bayan Gozaki, kuma har yau gandu suke yi: gona ɗaya, sito ɗaya, tukunya ɗaya. Shitu ne babba, amma makullin sito yana hannun ƙanensa Alhaji Murtala, don shi ne mai zama a gida, shi ke sayo taki, shi ke magana da 'yan kasuwar Funtua. Shitu kuwa tun rasuwar mahaifinsu yana daji da inji yana tsaga katako, abin da ya samo ya kawo wa gandu. Bai taɓa riƙe ko 'yar gayauna tasa ta kansa ba. Salansar injin, mai rage masa ƙara, ta fashe shekarun baya, da ya ce a sayo wata aka ce masa ai ba salansa ke yanka ba. Ya ci gaba da aiki a haka. Kunnen hagu ne ya fara tafiya. Na dama ya bi shi a daminar bana.

Matarsa Ladidi ta fito da ruwa a kwanon sha. Ba ta kira shi ba, ta daɗe da daina wannan. Ta zagayo ta tsaya inda inuwarta za ta faɗa kan injin. Ya ɗago.

"Wuta akwai!" Da ƙarfi ya faɗa, kamar mai kiran wani a ƙetaren rafi. "Na cire fulogi na gwada, wuta na nan shuɗiya. Jiya da na ɗiga masa fetur ta ramin fulogi ya amsa sau ɗaya, na ji shi a hannuna, ya mutu. Mai ne ba ya isa. Kafireta ce."

Ta yi masa alama da hannu ya rage murya. Bai rage ba.

"Da fetur a ciki aka ajiye shi duk damina. Ni ban taɓa ajiye shi da mai ba, kin sani. Isah ne da ya ara. Kuma da baƙin man injin niƙa ya haɗa, shaƙa ki ji!"

Isah ƙanen Amatullah ne, matar Alhaji Murtala. Ladidi ta waiga madafa. Amatullah tana tankaɗe, ta ƙara sunkuyar da kai a kan rariya.

Bayan azahar Alhaji Murtala ya shigo da babur daga gona, ya jingine shi, ya tsaya a bayan yayansa.

"Yaya."

Shitu yana kwance noti.

"Yaya Shitu, mutanen Maska sun sake bugo waya. Itatuwan maɗacin da za ka tsaga musu na nan kwance a ƙasa, gara za ta fara ci."

Shitu bai juyo ba. Murtala ya dubi matan gidan ɗaya bayan ɗaya, ya zare makullin babur ya jefa ƙasa. Kaji suka watse. Shitu ya ga kaji sun watse, ya juyo.

"Kun dai gani," in ji Murtala. "Kiran mutum ne ba ya ji. Makulli yana ji."

"Kaji ya gani, Alhaji," in ji Ladidi.

"Kullum akwai abin da ya gani."

"Da dai an kai shi an duba. An ce a Zariya akwai masu duba kunne."

"Zariya! Da masara a gona?" Ya ɗauki makullinsa ya kaɗe. "Yaya Ladidi, ni fa na san ɗan'uwana tun kafin ki san shi. Gajiya ya yi da daji, girman kai ya hana shi faɗa. In ya gaji ai sai ya faɗa. Amma ba zai yiwu mutum ya zauna a inuwa yana wasa da sukundireba, mu muna cikin rana, da yamma kuma a sa hannu a kwano ɗaya ba. Ki gaya masa, tunda ke yake ji. In aka gama sussukar masara inji bai tashi ba, sai a ware tukunya. Kowa ya ci guminsa."

Shitu yana ta kallon bakin ƙanensa yana murmushi, yana jiran ya gama.

"Murtala, in ka shiga Funtua ka sayo min 'yar fatar kafireta! Ta bushe!"

"Wanda ya bari ta bushe ya jiƙa ta," in ji Murtala, ya shige sashensa.

"Me ya ce?"

Ladidi ta dube shi. Mutumin da ba shi da gona, ba shi da kunne, ga yara uku, in aka ware masa tukunya me zai zuba a ciki? Ta matso, ta buɗe baki sosai yadda zai gani.

"Ya ce zai duba."

Da la'asar ta je wajen Tsohuwa, mahaifiyarsu. Ta same ta a bakin ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Ladidi ta durƙusa ta gaishe ta, ta ɗebi gyaɗa ta fara taya ta.

"Inna, ki sa baki."

"A kan me?"

"A kan Malam. Alhaji ya ce zai ware mana tukunya."

Tsohuwa ta kawar da fuska. Tun da ta haifi Shitu ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai "wancan mutumin". In ya shigo gaishe ta bango take kallo ta amsa.

"Ke Ladidi, ɗan fari ne fa. So kike a ce na tsufa na zubar da kunya, na tsaya tsakar gida ina kare ɗan fari? Da a ce Murtala aka taɓa, da kin ji bakina."

"Inna, kunnen ya tafi. Wallahi ya tafi."

"Ubansa ma haka yake yi in ba ya son magana."

"Wannan ba irin wancan ba ne."

Tsohuwa ta daɗe tana murza kwanso ɗaya a hannu, ba ta fasa shi ba. Can ta ɗebo ɓararriyar gyaɗa cike da tafi biyu ta zuba wa Ladidi a gefen zane.

"Kai wa yara. Allah ya daidaita su."

Aka shiga girbi gadan-gadan. Kowace safiya maza su fita, Shitu ya shimfiɗa buhu a gindin bangon ɗakinsa, ya karɓi farantin Ladidi na tangaran ya baje kafiretar a kai. 'Yar aba ce, ba ta fi akwatin ashana biyu ba, amma cikinta ramuka ne sirara kamar na allura. Tsohon man ya daskare a cikinsu, ja-ja-ja kamar ƙaro. Ya tsinke waya ɗaya daga burushin ƙarfe yana zura wa kowane rami. Ya ciro 'yar rariyar da ke ciki, ya ɗaga ta sama, ko haske ba ya ratsa ta. Daga nan ya yi yadda makanikai ke yi: ya kurɓi fetur ya riƙe a baki, ya kafa leɓe a bakin rami ya fesa, har sai ya ga ya fito ta ɗaya gefen. Ya tofar, ya sake kurɓa.

Leɓunansa suka yi fari, suka fara saɓa. Ya daina jin gishiri a miya. Wata rana bayan ya gama fesawa ya zagaya bayan ɗaki ya yi ta amai, ya dawo ya zauna ya riƙe kai.

"Ƙugin nan ya ƙaru, Ladidi. Kamar ana niƙa a cikin kaina."

Ta miƙa masa madara 'yar kaɗan da ta karɓo wajen matan Fulani. Ya sha rabi, ya ce a ba autansu sauran.

Ramukan sun buɗe, saura fatar. 'Yar baƙar roba ce falle ɗaya, ita ke motsi tana jawo mai, ga shi ta ƙage kamar busasshen ganyen kuka. Ya jiƙa ta a ruwan ɗumi. Ya jiƙa ta a man gyaɗa. Da yamma ta yi laushi, ya mayar da ita, ya ɗaure, da safe ta koma yadda take. Ya yi ta jan igiya har igiyar ta tsinke, ya yanko wata daga igiyar shanya ya sa. Kafaɗarsa ta dama ta kumbura, sai da hagu yake ɗaga buta.

A lokacin ne tuwon sashensu ya fara raguwa. Ba wanda ya ce komai, malmala ce kawai ta ƙanƙance. Ladidi ta tarar da Amatullah a madafa tana kwasa.

"Yaya Ladidi, don Allah kada ki ga laifina. Abin da aka auno mini shi nake tuƙawa."

"Ban ce laifinki ba ne. Amma ki ce wa Isah ya zo ya faɗi abin da ya zuba a injin nan. Magana ɗaya ce."

"Isah ai yaro ne, bai san ya yi ɓarna ba."

"Yaro mai mata?"

Amatullah ta ajiye mara, idonta ya kawo ruwa. "In na tayar da maganar nan aurena zan taɓa. Ke ma mace ce, kin san yadda abin yake."

Ladidi ta ɗauki kwanonsu ta fita.

Sallah ma ta zama abin magana. Shitu da inuwar bango yake gane lokaci, ran da aka yi hadari kuwa sai ya ga maza suna dawowa daga masallaci shi yana zaune da sukundireba a hannu. Ladidi ta jiyo Murtala a zaure yana ce wa baƙi, "Ai abin ya yi nisa, yanzu har ladan ya daina ji." Aka yi dariya. Wani ya ce Allah ya shirya.

Ana cikin sussuka Toma ya zo. Toma makanike ne, Kirista, daga Gozaki, shi ke gyara wa mutanen yankin babura da injinan ban-ruwa. Murtala ne ya kira shi ya duba injin fadama kafin aikin rani. Da ya gama ya leƙo wajen Shitu, don sun daɗe tare.

"Oga Shitu! Sarkin daji ya koma sarkin faranti? Ko amarya ce ta ce ka taya ta tsintar shinkafa?"

Shitu bai ɗago ba. Toma ya tsaya da dariyarsa a baki. Ya zaro sifana daga aljihu, ya matsa bayan kan Shitu, ya buga ta a jikin tsohuwar garma da ke jingine. Har yaran da ke zaure sai da suka zabura. Shitu yana ta goge allurar kafireta da gefen riga.

Toma ya zagayo ya tsuguna a gabansa. Shitu ya washe baki, ya kama hannunsa.

"Toma! Arne ya tuna da mu! Dubi fatar nan don Allah!"

"Na gani, Oga." Toma ya murza ta tsakanin yatsu, ya girgiza kai. Ya dubi leɓunan Shitu, bai ƙara wasa ba.

Washegari ya dawo da wata fata a naɗe cikin takardar sigari, ya ce daga wani mataccen inji ya ciro ta, wanda aka bari a rumfarsa. Ladidi ta yi ta godiya daga bakin ƙofa.

"Da ka taimaka ka tayar masa da shi gaba ɗaya, Baban Ƙauna."

"Maman yara, tashi zai tashi. Saitin ne ba zan iya ba. Ni na babur na sani da na ban-ruwa. Wannan sukurori biyu gare shi, na ƙasa da na sama, kuma da kunne ake juya su. In mai ya yi yawa ya shaƙe. In ya yi kaɗan ya yi ta ihu har fistin ya ƙone, shi ke nan an yi asarar inji. Duk yankin nan wajen Oga Shitu ake kawowa ya saurara."

A zaure ya tarar da Murtala yana lissafin buhuna da ido.

"Alhaji, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Mutumin nan ba ya ji. Injin ba zai saitu ba sai da kunne, shi kuwa ba shi da shi. Ku kai shi asibiti."

"Toma, injin ban-ruwa na kira ka ka gyara, ko gidana?"

"Injin ban-ruwa, Alhaji."

"To ya gyaru. Ka gaida gida."

Da sabuwar fata a ciki, a ja na uku injin ya kama. Shitu ya ji shi a tafin ƙafarsa da hannunsa, ya yi kabbara da ƙarfi. Hayaƙi shuɗi ya cika tsakar gida. Amma yana danna totur injin ya shaƙe, ya mutu. Ya sake tayarwa, ya sa sukundireba ya juya sukurun sama. Injin ya ɗauki wani ihu siriri mai shiga haƙori. Shitu bai sani ba, ya ci gaba da juyawa. Ladidi ta yar da tsintsiya ta rugo tana kaɗa hannu biyu a gabansa. Ya kashe. Ya taɓa kan injin, ya janye hannu da sauri.

Ya zauna a ƙasa. Ya ajiye sukundireba.

"Ba na jin shi, Ladidi."

Bai bari ba. Ya sake tayarwa, ya ɗauko doguwar sukundireba mai ƙotar katako, ya kafa bakinta a jikin injin, ya ciji ƙotar. Ya ce wai ta haƙori ƙarar na ɗan isa kai. Yana cije yana juya sukuru da ɗaya hannun, idonsa a rufe, duk fuskarsa na rawa. Bai daɗe ba haƙorinsa na gaba ya ɓantare. Ya tofar da guntun tare da jini, ya dubi abin a ƙasa kamar ba nasa ba.

Daga wajen gida ana jiyo injin sussuka, kuma tun safe aka ce yau za a gama.

Ladidi ta kama bakin rigarsa ta ja. Ya ɗauki injin ya bi ta bayan ɗakinsu, wani lungu tsakanin bango da danga inda take shanya, inda ba mai ganinsu. A tsakar gida ba za ta iya ɗora hannu a jikin mijinta ba, ga uwarsa ga matar ƙanensa. A nan kuwa ta tsaya a bayansa, ta dafa kafaɗarsa ta dama, ta nuna masa juyi zuwa dama. Ta dafa ta hagu, ta nuna masa juyi zuwa hagu. Ta nuna kunnenta.

Ya juyo ya dube ta.

Ba ta san sunan ko ƙarfe ɗaya a jikin injin ba. Amma shekara da shekaru a ƙofar ɗakinta yake tayar da shi da safe tana dama koko, yana juya sukuroran nan har kukan ya zauna, sannan ya kashe ya ɗaure a babur. Ta san kukan da yake yi in za a fita, kamar yadda ta san kukan 'ya'yanta.

Ya tayar. Ya sa sukundireba a sukurun ƙasa. Injin na numfarfashi kamar zai mutu, ta dafa dama. Ya juya kaɗan. Ta sake dafawa. Kukan ya hau, ya yi sauri fiye da kima, sarƙa ta fara gudu da kanta. Ta dafa hagu. Ya wuce wurin, ta mayar da shi. Sau biyu injin na mutuwa, sau biyu yana fizgar igiya da kumburarriyar kafaɗa. Hayaƙi ya cika lungun, idonta na zubar da ruwa, ba ta ɗauke hannu ba. Da ya danna totur injin ya amsa nan take bai shaƙe ba, ta bubbuga tsakiyar bayansa.

Suka koma na sama. Ya danne totur har ƙarshe, ihun nan ya dawo. Hagu. Hagu kuma. Ta rufe ido. A hankali ihun ya sauko, ya yi kauri, ya koma gurnani mai ɗan kaushi a ƙarshensa. Shi ne. Ta buga bayansa da tafi biyu.

Akwai wani gungumen darbejiya a bakin danga. Ya ɗora masa sarƙa. Garin katako ya yi tsiri, gungumen ya rabu biyu. Shitu ya juyo yana dariya da ɓantararren haƙori, jini a leɓensa.

Ya fito da injin tsakar gida yana ruri a hannunsa. Yara suka taru. Masu sussuka da suka gama ɗinkin buhuna suka shigo da ƙaiƙayi a gashin kai, Murtala a gabansu. Murtala ya tsaya ya saurara. Shitu ya danna totur sau biyu don ya ji da kyau, sannan ya kashe.

"Madalla," in ji Murtala. "Madalla. Jama'a, kun ji saiti?"

"Ya zauna, Alhaji. Kamar sabo," in ji ɗaya daga cikin masu sussuka.

"To ku zama shaida. Toma da bakinsa ya ce mini injin nan ba ya saituwa sai da kunne. A zauren nan ya faɗa. To wa ya saita shi?"

Ladidi ta matso. Ta ja mayafi ta fito gaban maza, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ni ce na ji masa, Alhaji."

Wani daga cikin masu sussuka ya tuntsire da dariya, sauran suka bi shi.

"Ke?"

"Ni. A bayan ɗaki. Ina dafa shi yana juyawa."

"Wa ya gani?"

Ba wanda ya gani.

"Yaya Ladidi, rufa wa miji asiri abu ne mai kyau, amma ban da ƙarya. Injin da makanike ya ce ya fi ƙarfinsa, shi ne kika saita da dafa kafaɗa?" Ya juya ga mutanen. "Tun damina yake wahalar da mu. An yi noma ba shi, an yi girbi ba shi, an ce a kai shi Zariya. Da ya ji maganar tukunya, ga kunne ya dawo. Ni ba zan iya haɗa kwano da mutumin da zai yi wa gidansu irin wannan ba, ko da uwa ɗaya ta haife mu. Daga yau a ware. Za a auna musu abin da ya sawwaƙa, ba za a ce na zalunce su ba. Inji kuwa na gandu ne. Gobe Isah zai tafi da shi Maska."

Ya miƙa hannu. Shitu, da ke ta bin bakunan mutane da ido yana ganin dariya, ya ɗauka taya shi murna ake yi. Ya goge mariƙin da gefen riga ya miƙa wa ƙanensa da hannu biyu.

"Ɗauka ka ji, Murtala! Ja ɗaya zai tashi!"

Murtala ya karɓa, ya wuce da shi sito, ya kulle.

Tsohuwa tana tsaye a bakin ƙofarta tun farkon maganar. Ladidi ta dube ta. Tsohuwa ta buɗe baki, ta dubi ɗanta na fari, ta dubi taron maza. Ta saki asabari.

Kafin magariba Shitu ya yi wanka, ya daɗe yana goge baki da asuwaki don warin fetur ya fita, ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Ya je zaure ya zauna a kan tabarmar da suke cin abinci shi da Murtala tun suna samari. Aka wuce da kwano ta gabansa aka shiga da shi sashen Alhaji. Ya jira na biyu. Da ya ga shiru ya taso ya shigo.

"Ladidi, yau kam a ƙara min miya!"

Ya same ta tsugune a gefen ɗakinsu. Ta kafa duwatsu uku da ta tono daga gindin danga, ta ɗora 'yar tukunyar da take dafa ruwan wanka, tana hura ɗanyen kara. Yaran na zaune a jere suna kallon hayaƙi. A gefe ga rabin buhun masara da aka ajiye musu, ko niƙa ba a yi ba.

Ya dubi duwatsun. Ya waiga ya dubi babban murhun gidan a can madafa, inda Amatullah ke kwasa ta ba su baya. Ya sake duban duwatsun.

Ladidi ta miƙe. Tun la'asar take neman yadda za ta faɗa masa, da wane hannu, da wace alama. Ta buɗe baki, sai ta ga ba ya bukata. Ashe duk kwanakin nan ya sani. Ya karanta a bakin ƙanensa tun ranar farko, ya bar ta da "zai duba" don kada ta san ya sani.

Abu ɗaya ne kawai bai gane ba. Ya matso, kuma a karon farko tun damina muryarsa ta fito a hankali.

"Ai ya tashi, Ladidi. Ba su ji ba ne?"

Sun ji. Murtala ya ji, Amatullah ta ji, Tsohuwa ta ji ta bayan asabari, har maƙwabta sun ji ta kan katanga. Sun ji injin, sun ji Toma, sun ji Ladidi. Duk gidan nan ba mai ciwon kunne sai mutum ɗaya, kuma a wajen ciyar da su ya samo shi.

Ladidi ta ɗaga kai ta ce masa e, sun ji. Ta koma ta tsuguna ta ci gaba da hura wuta.